Yadda Ake Halartar Babban Taron Babura na Turai a Tafkin Faak

A farkon watan Satumba na kowace shekara, wani ɗan tafki da ke kudancin ƙasar Ostiriya, a jihar Kärnten, dab da iyakar Italiya da Sulobeniya, yakan karɓi baƙuncin taron masu babura da ake kira European Bike Week. Kamfanin Harley-Davidson ne ya soma shi a 1998, lokacin da ya cika shekara 95 da kafuwa, kuma tun daga nan a gefen tafkin Faak ake yinsa, in ban da 2020 da annobar korona ta sa aka soke shi. Mahalarta sukan haura 100,000, babura kuwa dubun dubata ne, alhali ƙauyuka ne kawai ke kewaye da ruwan, kuma birni mafi kusa, wato Villach, mazaunansa ba su kai 70,000 ba. Ana farawa ranar Talata a tashi ranar Lahadi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma hana wanda ya zo a kan Honda ko BMW ko Yamaha, duk da cewa Harley ce ke da gida.

Wanda zai taso daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya sani cewa mafi yawan aikin wannan tafiya a gida ake gama shi, kuma jerin matakan yana da muhimmanci, domin kowace takarda tana jingine ne da wadda ta gabace ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son zuwa a Satumba ya soma shiri tun watan Janairu ko Fabrairu.

Mataki na farko shi ne lasisi, da kuma hannun da zai riƙe babur ɗin. A Najeriya, rukunin A na lasisin tuƙi shi ne na babur, kuma mutane da yawa da suka shekara suna hawan mashin lasisin mota kawai suke da shi. Wannan ba zai yi aiki a Ostiriya ba: mai ba da hayar babur zai duba rukunin da ke jikin katin, ɗan sanda ma zai duba, kuma idan aka yi hatsari kamfanin inshora na iya ƙin biyan ko sisi. Saboda haka ka tabbatar lasisinka ya nuna babur ƙarara, wa'adinsa kuma bai kusa cika ba, sannan ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ka haɗa da shi. Shi na ƙasa da ƙasan ba ya tsayawa shi kaɗai; tare da na asali ake nuna shi.

Batun hannu ya fi na takarda nauyi, kuma a nan ne nake ganin bai kamata kowa ya yi wa kansa sassauci ba. Mashin ɗin da muka saba gani a titunanmu injinsa bai fi sisi (cc, ma'aunin girman inji) 100 zuwa 125 ba, nauyinsa kuma kaɗan ya ɗara kilo 100. Babbar Harley ta doguwar tafiya injinta ya haura sisi 1,700, nauyinta kuma ya wuce kilo 350 tun kafin a ɗora kaya ko fasinja. Ƙwarewar kutsawa cikin cunkoson kasuwa ba ta koya wa mutum yadda zai juya irin wannan babur a ƙunƙuntar hanya, ko yadda zai tsayar da shi a kan gangara ba tare da ya rinjaye shi ba. Ka nemi babban babur a gida, ko na aro ko na haya, ka samu fili mai kwalta, ka yi ta gwada tafiya a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, kana riƙe kuloci rabi da rabi, ƙafarka ta dama tana ɗan taɓa birkin baya, idonka yana can inda kake son zuwa. Ka gwada juyawa gaba ɗaya ba tare da sauke ƙafa ba, ka gwada tsayawar gaggawa, ka gwada tashi a kan hawa. Idan watanni suka wuce hannunka bai faɗa ba, ka yi hayar matsakaicin babur mai sisi 600 zuwa 800. Ba wanda zai raina ka a Faak saboda girman injinka.

Mataki na biyu masauki ne, kuma ya riga biza domin ofishin jakadanci zai nemi shaidarsa. Ɗakunan da ke ƙauyukan bakin tafkin, wato Faak am See da Drobollach da Egg, masu zuwa kowace shekara sukan kama su tun kafin su bar na bana. Baƙo ya fi samun sauƙi a Villach, wanda bai fi kilomita 10 daga tafkin ba, ko a Velden da ke bakin tafkin Wörth, ko a gefen tafkin Ossiach, ko ma a garin Tarvisio da ke cikin Italiya. Ni dai Villach nake fifitawa, saboda akwai jirgin ƙasa daga can zuwa tashar Faak am See, akwai masallatai, akwai asibiti, kuma da dare mutum zai iya barci, abin da ke da wuya a bakin tafkin inda rurin injuna da kiɗa ba sa lafawa sai dare ya raba. Akwai filayen kafa tanti masu bandaki da ruwan zafi, sun kuma fi araha, amma sanyin asubar Satumba a gindin duwatsun Alps ba na wasa ba ne ga jikin da ya saba da zafin Sahel. Duk inda ka kama, ka tambaya ko akwai wurin ajiye babur a rufe, ka kuma zaɓi ɗakin da za a iya sokewa a mayar maka da kuɗinka idan biza ba ta fito ba.

Mataki na uku ita ce bizar Shengen ta gajeren zama, wato bizar bai ɗaya ta rukunin ƙasashen Turai da Ostiriya ke ciki. Ƙa'ida ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, don haka idan Ostiriya ce cibiyar tafiyarka, wurinta za ka je ko da ta Jamus ko Italiya jirginka zai sauka. Ostiriya tana da ofishin jakadanci a Abuja. Mazauna sauran ƙasashe su bincika wane ofishi ne ke karɓar takardunsu. Ana iya miƙa buƙata tun wata shida kafin ranar tafiya, kuma hukunci yakan ɗauki kwana 15, wani lokaci ya kai 45, ban da jiran ranar ganawa wanda a lokacin bazarar Turai yake tsawo. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024. Fasfo dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu babu komai, kuma yana da sauran wata uku bayan ranar da za ka bar yankin. Za a nemi bayanan asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya ta tafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba.

Ka rubuta gajeriyar wasiƙa da ke bayyana gaskiyar dalilin tafiyarka, da jadawalin kwanakin, ka haɗa da takardar hayar babur da kwafin lasisinka. Jami'in biza yana neman labari ne wanda sassansa suka yi daidai da juna, kuma mutumin da ya ce taron babura zai je ya nuna lasisin babur da ɗaki a Villach ya fi gamsarwa a kan wanda wani dillali ya cika wa takardu da otal ɗin da bai san sunansa ba. Game da inshorar, kada ka tsaya a kan mafi arha. Ka karanta sharuɗɗan ka ga ko ta ƙunshi hatsarin babban babur, domin wasu suna cire shi, ka kuma ga ko ta ƙunshi ɗauko majinyaci da jirgi mai saukar ungulu, wanda shi ake turawa idan abu ya faru a kan dutse, kuma kuɗinsa dubban Yuro ne.

Mataki na huɗu shi ne babur ɗin kansa. Ana iya tura na gida ta jirgin ruwa ko na sama, amma ga zaman mako guda wahalar ta fi amfanin yawa: sai an bi ta kwastan, sai an sayi inshorar kan iyaka, domin katin inshorar ƙasashen ECOWAS ba ya aiki a Turai. Haya ta fi. Sai dai baburan haya na yankin Villach da Klagenfurt sukan ƙare da wuri, don haka mutane da yawa sukan karɓa a Munich ta Jamus ko Viyana babban birnin Ostiriya ko Ljubljana ta Sulobeniya su tuƙo zuwa tafkin. Kafin ka biya, ka aika wa kamfanin hoton lasisinka ka nemi su tabbatar a rubuce cewa sun karɓe shi. Ka tambayi mafi ƙarancin shekarun da suke yarda da su, da iyakar kilomitar da aka ba ka a rana, da adadin da za ka biya daga aljihunka idan babur ya faɗi, da kuma ko an yarda ka tsallaka da shi Italiya da Sulobeniya. Galibi sukan riƙe kuɗin ajiya mai kauri a katin banki, kuma da yawansu katin bashi suke so, wanda ke ɗauke da sunan mai hayar. Katin Naira da ke da iyakar kashewa a waje zai iya ba ka kunya a gaban kanta, don haka ka warware wannan da bankinka tun kana gida.

Ranar karɓa kada ka yi sauri. Ka zagaya babur ɗin kana ɗaukar bidiyo, ka nuna kowane ƙarce a tanki da salansa da madubi, ka duba zanen taya, ka sa a nuna maka inda takardun babur da akwatin agajin farko suke, domin dokar Ostiriya ta wajabta wa mai babur ya riƙe shi. Ka tambaya ko an riga an biya kuɗin babbar hanya, wanda suke kira Vignette. Babur ma yana biya, akwai na kwana ɗaya da na kwana goma, ana sayensa a gidajen mai ko ta intanet, kuma kyamarori ke kama wanda ya hau ba tare da shi ba. Sulobeniya tana da nata daban, Italiya kuwa a ƙofofin hanya ake biya.

Kayan sawa ba su da tsawon bayani. Hular kwano wajibi ce ga matuƙi da fasinja, kuma ta zama mai shaidar ingancin Turai ta ECE. Wadda ta rufe haɓa ta fi. Sai jaket da wando masu kariya a gwiwa da kafaɗa da baya, da takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu kala biyu, ta zafi da ta sanyi, da rigar ruwa, da rigar ɗumi ta ciki. Da rana a bakin tafkin mutum zai iya zama da riga ɗaya, amma a saman dutse iska na iya kusantar daskarewa a rana guda. Wanda ya taso daga Najeriya ya riƙe abin sauya bakin filogi, domin soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu. Abu ɗaya kuma da zai sosa ran Bahaushe: Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a gida. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 kuma sai an bayyana ta a kwastan.

Dokokin hanya su ne mataki na gaba, kuma a haddace su kafin a kunna inji. A dama ake tuƙi kamar a gida. Iyakar gudu kilomita 50 ce a cikin gari, 100 a wajen gari, 130 a babbar hanya, sai inda allo ya nuna ƙasa da haka. Fitilar babur a kunne take ko da tsakar rana. A mahaɗar da ba ta da allo ko danja, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Mai tafiya da ƙafa da ya nufi layin tsallakawa dole a tsaya masa, kuma ba a danna ham don gaisuwa ko nuna fushi. Idan cunkoso ya tsaya a babbar hanya, direbobi sukan buɗe fili a tsakiya domin motar asibiti da ta kashe gobara. Wannan fili haramun ne ga mai babur, komai kyansa a ido. A makon taron 'yan sanda sukan yawaita, suna auna gudu da barasa da ƙarar salansa, suna iya karɓar tara nan take, kuma tun daga Maris 2024 doka ta ba hukuma ikon ƙwace abin hawan wanda ya yi gudun ganganci. Lambar gaggawa 112 ce, motar asibiti 144, 'yan sanda 133.

Idan ka isa tafkin, za ka tarar an mayar da hanyar da ta kewaye shi mai bi ɗaya, an kuma taƙaita shigar motoci. Ka yi zagayen farko da safe, kafin cunkoso, don ka gane inda filin Harley yake a Faak da inda ake ajiye babura. Da yamma hanyar takan cika har ana tafiya taku-taku, zafin inji yana dukan cinya, hannun hagu yana gajiya da kuloci, kuma a nan ne atisayen da ka yi a gida zai biya ka. Idan ka ajiye babur a kan gangara, ka bar shi cikin giya, gabansa yana kallon sama, ka kulle kai, ka ɗauki hoton wurin, domin baƙaƙen babura ɗari a jere duk kamarsu ɗaya da dare. A filin akwai rumfunan kayan gyara da tufafi, da gasar baburan da aka ƙera wa siffa ta musamman, da damar gwada sababbin samfura ga mai lasisi da cikakkun kayan kariya. Ranar Asabar ake babban jerin gwano, inda dubban babura ke fita tare jama'a na tsaye a bakin hanya suna ɗaga hannu. Mai son shiga ya je wurin haɗuwa da wuri da cikakken tanki, ya tsaya a layinsa, ya bar tazara, kada kuma ya saki hannu don ɗaukar hoto. Wanda bai amince da hannunsa ba ya kalla daga gefe. Kallon ma ya isa abin zuwa.

A ganina, wanda ya ƙare makonsa a bakin tafkin kaɗai ya bar rabin abin da ya biya wa kuɗi, domin hanyoyin duwatsun da ke kewaye su ne suka sa wurin ya dace da taron. Ka hau su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka fara da hanyar dutsen Dobratsch da ke saman Villach, mai tsawon kimanin kilomita 16, don ka ji yadda babur yake a kan hawa. Washegari ka nufi Nockalm, mai kwanar hanya har 52 cikin kimanin kilomita 34, inda kwanonin suke da faɗi da sauƙin karantawa, sai dai shanu suna kiwo a sake a gefen hanya, kashinsu kuma yana da santsi. Bayan haka ne za ka tunkari hanyar Grossglockner, wadda aka buɗe a 1935, mai tsawon kilomita 48 da kwana 36, da ke hawa sama da mita 2,500 a kusa da dutse mafi tsawo a Ostiriya, mai mita 3,798. Tafiyar yini guda ce daga Faak, ana biyan kuɗi a ƙofa kamar sauran biyun, ana kuma rufe ta da dare, don haka a duba yanayi a fita da sassafe. Ta kudu kuwa akwai mashigar Wurzen zuwa Kranjska Gora a Sulobeniya, gajeriya amma mai tsananin gangara, sannan mashigar Vršič mai tsayin mita 1,611 da kwana 50, wadda fursunonin yaƙi 'yan Rasha suka gina a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwanoninta na ɓangaren arewa da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su, kuma idan an yi ruwa ka bar ta sai wata rana. Fasfo ya kasance a jikinka duk lokacin da za ka tsallaka iyaka.

Ƙa'idar kwanar dutse ɗaya ce ko'ina. Ka rage gudu ka sauko ƙaramar giya tun kafin ka shiga, ka juya kanka gaba ɗaya ka kalli mafita, ka riƙe mai daidai ba tare da fizga ba, kada kuma ka damƙi birkin gaba alhali babur yana kwance. A kwanar hagu ka lura kada kanka ya leƙa layin masu tahowa ko da tayoyinka suna naka ɓangaren, domin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna cin tsakiyar hanya. A gangara ka bar inji ya riƙe babur, kada birki ya yi zafi ya saki. Za ka ga matuƙan da suka tashi a waɗannan duwatsu suna wuce ka kamar iska. Ka matsa dama ka ba su hanya, kada zuciya ta ɗebe ka ka bi su.

Musulmi ba zai sha wahalar ibada ba. Ostiriya ta amince da Musulunci a hukumance tun 1912, kuma a Villach akwai masallatan 'yan Bosniya da Turkawa inda za a samu sallar Juma'a, wadda ke faɗowa a tsakiyar taron. Alƙibla tana kudu maso gabas, agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya a Satumba. Wanda zai tafi da iyalinsa ya san cewa tun Oktoban 2017 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, amma ɗankwali da hijabin da bai rufe fuska ba babu laifi. Abinci ne ke buƙatar lura, domin naman alade ya cika rumfunan taron: duk inda ka ga Schwein ko Speck ko Schinken a jerin abinci, ka kauce. Kifin ruwan daɗi da suke kira Forelle yana da kyau, haka ma Kasnudeln, wani ƙullin fulawa mai cuku da dankali da jihar ta shahara da shi, in dai ka roƙa a zuba masa man shanu kawai. Shagunan Turkawa a Villach suna sayar da naman halal. Barasa a fili take a wurin, musamman da dare, kuma wannan ƙarin dalili ne na barin tafkin kafin dare ya yi nisa, ko a ajiye babur a masauki a zo da jirgin ƙasa. Manyan kantuna galibi a rufe suke ranar Lahadi, don haka a yi sayayya ranar Asabar kafin yamma.

Ranar mayar da babur, ka cika tanki a gidan mai mafi kusa ka riƙe rasit, ka isa da sauran lokaci, ka sa ma'aikaci ya duba shi a gabanka ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya, sannan ka tambayi ranar da za a saki kuɗin ajiyarka. Idan kyamara ta kama ka a hanya, tarar za ta biyo ta hannun kamfanin hayar bayan makonni, kuma ka biya ta. Ka bar kwana ɗaya tsakanin mayar da babur da tashin jirginka, musamman idan daga Munich ko Viyana za ka tashi, domin ranar Lahadin hanyoyin fita daga Kärnten sukan cika da masu komawa gida. Ka kuma duba adadin kwanakin da aka rubuta a bizarka, ba ranar ƙarewarta kaɗai ba, ka fita kafin su cika, domin tun daga Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara rubuta shiga da fitar baƙi a na'ura tare da hoton fuska da zanen yatsu, kuma kwana ɗaya na ƙari zai fito a gaban jami'in da zai duba buƙatarka ta gaba.